Macijin da Musa Ya Ƙera, Hezekiya Ya Farfasa

Ina ɗan shekara 12 aka karanta mana labarin macijin tagulla a makarantar Lahadi, 'yan makonni bayan mun haddace Dokoki Goma. Abin ya ƙi zauna mini a rai. An koya mana cewa Allah ya hana ƙera siffar kowane abu don a yi masa sujada, mun kuma ji yadda ɗan maraƙin zinariya ya jawo mutuwar mutum wajen 3,000 a gindin Dutsen Sina'i. Ga shi kuma Allah ɗin nan ya umarci Musa ɗin nan ya ƙera siffa, siffar ma ta maciji, dabbar da aka la'anta tun a gonar Aidan.

Da yamma na sami mahaifina a zaure yana goge gilashin fitila. Na durƙusa na ce, "Baba, tun da Allah ya hana gunki, me ya sa ya sa Musa ya ƙera maciji?" Bai ɗago ba. Ya ce, "Yaro, je ka nemo abin da sarki Hezekiya ya yi da shi, sa'an nan ka dawo mu yi magana." Na nemo, kaina kuwa ya ƙara ɗaurewa.

Littafin Sarakuna na Biyu, sura 18, ya ce Hezekiya ya hau gadon sarautar Yahuza yana da shekara 25, ya yi shekara 29 yana mulki a Urushalima. Shi ne sarkin da Sennakerib na Assuriya ya kawo wa yaƙi a shekara ta 701 kafin haihuwar Almasihu. Cikin ayyukansa na farko, ya rushe wuraren tsafi na kan tuddai, ya sassare gumaka, ya kuma ɗauko macijin tagullar da Musa ya ƙera ya farfasa shi. Tsakanin Musa da Hezekiya akwai aƙalla shekara 500. A duk tsawon wannan zamani ana adana abin nan a matsayin gadon annabi, aikin hannun mutumin da ya yi magana da Allah. Sai ga sarki ya sa guduma, marubucin littafin kuma bai tsawata masa ba, yabonsa ma ya yi. Tambayata ɗaya ta zama biyu. Da na girma na soma karanta Bisharar Yahaya, sai ta zama uku, domin a sura 3 Yesu ya kwatanta kansa da wannan maciji. Rago na gane, makiyayi na gane, kurangar inabi ma na gane. Amma maciji?

Ba ni ne farkon wanda abin ya dama ba. Wajen shekara ta 160 miladiyya, Jastin, masanin falsafa ɗan garin da yau ake kira Nablus, wanda daga baya aka kashe a Roma saboda bangaskiyarsa, ya rubuta muhawararsa da wani Bayahude mai suna Tirifo. A ciki ya yi wannan tambaya tawa ta zaure, ya kuma ba da labarin cewa ɗaya daga cikin abokan Tirifo ya amsa cewa shi ma ya sha tambayar malamansu bai sami gamsuwa ba. Jastin ne dai ya riƙe alƙalami, kuma za mu ga cewa malaman Yahudawa suna da amsarsu. Amma ya nuna tsufan tambayar.

Sai mu koma inda abin ya faru, kuma kada a haɗa shi da sandar Haruna da ta zama maciji a gaban Fir'auna, wannan wani labari ne dabam. Namu yana cikin Littafin Ƙidaya, sura 21, aya 4 zuwa 9, ayoyi shida kacal. Shekarun jeji sun kusa ƙarewa. Maryamu ta rasu, Haruna ma ya rasu a Dutsen Hor. Sarkin Edom ya hana Isra'ilawa ratsa ƙasarsa, dole suka juya kudu, wajen Bahar Maliya, su yi zagaye. Wanda ya taɓa hango gida sa'an nan aka ce ya juya baya ya san abin da ya taso musu a zuci. Suka yi gunaguni a kan Allah da Musa, suka ce ba abinci ba ruwa, suka raina mannar da ta rayar da su shekara da shekaru. Sai macizai masu dafi suka shigo zango. Kalmar Ibrananci da aka siffanta su da ita, saraf, tana nufin mai ƙuna, kuma duk manomin da kububuwa ta taɓa sara a gona zai gaya maka cewa sunan ya dace. Mutane da yawa suka mutu. Sauran suka zo wurin Musa suka amsa laifinsu, suka roƙe shi ya yi addu'a a kawar musu da macizan.

A nan na tsinci alama ta farko, bayan na sha wuce ta ban lura ba. Abin da suka roƙa dabam, abin da aka ba su dabam. Nassin bai ce an kori macizan ba. An ce wa Musa ya ƙera siffar maciji ya ɗora a kan sanda, wanda aka sara kuma ya dube shi, zai rayu. Wato sara ba ta ƙare ba, mutuwa ce aka yi wa shinge.

Bayanin da ya fara zuwa wa mai bincike shi ne a ce wannan asiri ne irin na mutanen dā, cuta a yi mata magani da kamanninta. Akwai abin da ke goyon bayan haka. Fir'aunan Masar suna ɗaura siffar gamsheƙa a goshi don kariya. An haƙo ƙananan macizan tagulla a tsofaffin garuruwan Kan'ana kamar Magiddo da Gezer da Hazor. A 1969 kuma, Beno Rothenberg ya tono wani ƙaramin ɗakin bauta a kwarin Timna, arewa da Eilat, wurin da aka daɗe ana haƙar tagulla, ya sami macijin tagulla mai tsawon kimanin santimita 12, kansa an shafe shi da zinariya, a cikin kayan da ake dangantawa da Madayanawa. Surukin Musa kuwa firist ne na Madayana. Har wa yau, jerin zangunan da ke Ƙidaya 33 ya sa Funon a kan wannan hanya bayan Dutsen Hor, Funon kuwa ita ce Fenan ta ƙasar Jodan a yau, ɗaya daga cikin manyan mahaƙan tagulla na zamanin dā a yankin. To, mun san inda tagulla take, mun san maƙwabta suna girmama maciji. Shin Musa laya ya yi musu?

Na daɗe ina juya wannan, amma akwai abin da ya ƙi shiga. Kowa ya san yadda asiri yake. Akwai mai shi, akwai kalmomin da ake tofawa, akwai sharaɗi, akwai abin da za a kawo, zakara ko ƙwarya ko kuɗi. Ko ibadar halal ta Isra'ila ma cike take da ƙa'idoji: Littafin Firistoci ya ƙididdige irin dabbar, da inda za a yayyafa jini, da kwanakin tsarkakewa. A labarin macijin tagulla babu ko ɗaya. Ba firist, ba hadaya, ba wanka, ba shafawa, ba a ma ce a matso kusa a taɓa ba. Abu ɗaya tak aka nema, a duba. A aya ta 8 an yi amfani da kalmar gani ta yau da kullum, a aya ta 9 kuma, inda aka faɗi abin da masu rayuwa suka yi, sai aka kawo wata kalma mai nufin zuba ido da niyya.

Mu Hausawa muna da karin maganar da ta buɗe mini wannan wuri fiye da kowane littafin tafsiri: wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Mu da ko sunansa ba ma son kira da dare, sai mu ce igiyar ƙasa. Ka ɗauki mutumin da dafi ke hawa ƙafarsa, a ce masa maganinka shi ne ka ɗaga kai ka ƙura wa siffar abin da ya sare ka ido. Hankali bai yarda ba, jiki bai yarda ba. Abin da hankali ke cewa shi ne a ɗaure ƙafa, a tsaga wurin, a nemo saiwa. Ba abin da zai sa mutum ya bar duk wannan ya dubi sanda sai in ya gaskata wanda ya yi alkawarin. Duban nan ba aiki ba ne da za a yi alfahari da shi, amma kuma ba ya yiwuwa sai da amincewa.

Malaman Yahudawa sun riga ni isa nan da ƙarnuka. Mishna, tarin koyarwarsu da aka haɗa wajen shekara ta 200 miladiyya, a sashen da ke magana kan bikin sabuwar shekara, ta tambaya ko maciji ne ke kashewa ko rayarwa, ta amsa cewa Isra'ilawa sun warke ne sa'ad da suka dubi sama suka miƙa zukatansu ga Ubansu na Sama. Tun kafin wannan, littafin Hikimar Sulemanu, wanda wani Bayahude ya rubuta da Helenanci, yana kuma cikin Littafi Mai Tsarki na Katolika da na Otodoks, ya kira macijin alamar ceto a sura 16, ya ce wanda ya juya gare shi ba abin da ya gani ne ya cece shi ba, Allah ne.

Da wannan, tambayoyina biyu na farko suka warware tare. Dokar ta hana siffar da za a bauta wa, wannan kuwa alama ce da ke nuna wani wuri, kamar yatsa. Hezekiya kuma ya farfasa shi ne domin, kamar yadda ayar ta bayyana, mutane sun koma ƙona masa turare. Sun bar wanda aka nuna musu sun kama yatsan. Ana kiransa Nehushtan, suna mai wasa da kalmomin Ibrananci biyu masu kama da juna, nahash wato maciji, da nehoshet wato tagulla, masu tafsiri da yawa kuma suna jin reni a cikinsa, kamar a ce ɗan guntun tagullar nan. Abin da ya fi taɓa ni shi ne ayar da ke biye. Aya ta 4 ta ce ya farfasa macijin, aya ta 5 ta ce ya dogara ga Ubangiji irin dogarar da ba a samu ba a cikin sarakunan Yahuza. Ashe abin da ya rayar da kakanninsa a jeji shi ne ya ɗaga hannunsa da guduma. Da Musa da Hezekiya, magana ɗaya suke yi.

Da na kawo wa mahaifina wannan, shekaru bayan tambayar farko, ya yi murmushi ya ce, "Madalla. To, amma in duban sama kawai ake so, me ya hana a kafa sandar ba komai a kanta?"

Nan ne hanya ta rabu. Bayahude yana iya tsayawa a amsar Mishna, kuma amsa ce mai nauyi da ba na rainawa. 'Yan'uwanmu Musulmi, waɗanda muke zaman tare da su, ba su yarda an gicciye Almasihu ba, don haka abin da zan faɗa yanzu ba karatunsu ba ne. Karatun Kirista ne, ni kuma a kansa na tsaya, zan kuma faɗi dalilina.

Nikodimu Bafarisiye ne, ɗan majalisar Yahudawa, malamin da ya san Attaura ciki da waje. Ya zo wurin Yesu da dare. Bayan maganar sabuwar haihuwa ta ɗaure masa kai, sai Yesu ya kai shi ga labarin da ya sani tun yana yaro, ya ce masa kamar yadda Musa ya ɗaga maciji a jeji, haka ya zama dole a ɗaga Ɗan Mutum, domin mai gaskatawa da shi ya sami rai madawwami. Wannan yana aya 14 da 15. Ayar da ta biyo baya, Yahaya 3:16, ita ce wadda kusan kowane yaron Kirista ya haddace, amma kaɗan ne suka lura cewa a kan macijin tagulla aka gina ta.

Kalmar ɗagawa ce mabuɗi. Sau uku ta fito a bakin Yesu a wannan Bishara, a sura 3 da 8 da 12, a ta ukun kuma marubucin ya tsaya ya bayyana cewa irin mutuwar da zai yi yake nufi. Kalmar Helenancin tana ɗauke da ma'ana biyu, a ɗaga abu sama da kuma a girmama shi, kamar yadda a harshenmu ɗauka da ɗaukaka suka fito daga tushe ɗaya. Ita ce kuma kalmar da tsohuwar fassarar Helenanci ta Tsohon Alkawari ta yi amfani da ita a Ishaya 52:13, a farkon waƙar bawan nan mai shan wuya saboda laifin wasu. Romawa sun ɗaga mutum a kan gungume don su wulakanta shi a idon jama'a, Yahaya kuma ya ce a wannan ɗagawar ce ɗaukakarsa take. Akwai wani ƙaramin abu kuma. Kalmar Ibrananci da muke fassarawa da sanda, nes, ainihinta tuta ce, irin wadda ake kafawa a kan tudu don mayaƙa su san inda za su taru. Masu fassarar Helenanci suka mai da ita alama, kalmar da Yahaya ya zaɓa don kiran mu'ujizan Yesu tun daga bikin auren Kana.

Saura tambayar mahaifina: me ya sa maciji? Amsar da Ikilisiya ta bayar tun farko ita ce, an rataye siffar cutar ne da kanta, amma ba dafi a cikinta. Macijin tagulla yana da kamannin abin da ke kisa, bai taɓa saran kowa ba. Bulus bai ambaci wannan labari a wuraren da zan kawo ba, amma tunaninsa ya bi sawu ɗaya. A Romawa 8 ya ce Allah ya aiko Ɗansa cikin kamannin jiki mai zunubi. A Korantiyawa ta Biyu, sura 5, ya ce wanda bai san zunubi ba an mai da shi zunubi saboda mu. A Galatiyawa 3 ya ɗauko dokar Musa da ta ce wanda aka rataye a itace la'ananne ne, ya ce Almasihu ya ɗauki wannan la'ana a madadinmu. Rago yana nuna tsarkin wanda aka miƙa. Maciji yana nuna abin da ya ɗauka a kansa. Agustin, bishop na Hippo, garin da yau ake kira Annaba a Aljeriya, wanda ya rasu a 430, ya yi wa jama'arsa wa'azi a kan wannan aya, ya nuna musu cewa saran mai rai ne ya kawo mutuwa, duban matacce kuma ya kawo rai, haka mutuwar Almasihu ta karya ƙarfin mutuwa. Maciji a ƙasa abin tsoro ne. Maciji a kan sanda, sandararre, an gama da shi, kamar yadda mafarauci ke rataye abin da ya kashe don gari ya gani.

Masu wa'azi suna son kawo misalin allurar makarin dafi, irin wadda ake yi wa mutane a asibitin saran maciji na Kaltungo a Jihar Gwambe. Gaskiya ne daga dafin ake samo ta: ana sa wa doki ko tunkiya dafi kaɗan kaɗan, jininsu ya ƙera abin da ke yaƙarsa, a tace a yi magani. Misalin yana da kyau, amma yana ɗingishi ta gefe ɗaya, kuma gefen ne ya fi muhimmanci. Allura tana da ƙarfi a cikin kanta, tana aiki ko ka yarda ko ba ka yarda ba, ana sayenta, tana iya ƙarewa, dole kuma a kai mutum inda take kafin lokaci ya ƙure. Tagullar Musa ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Wanda ke can ƙarshen zango, wanda ƙafa ta kumbura ba ya iya tashi, tsohuwa da ƙaramin yaro, wanda ya fi kowa gunaguni jiya, duk tazarar da ke tsakaninsu da rai ita ce ɗaga ido. Ba a tambayi kowa sau nawa aka sare shi ba. Wannan ne Kirista ke nufi in ya ce ceto ta wurin bangaskiya ne, ba ta wurin aiki ba, kuma shi ya sa yake ganin ba Bulus ne ya ƙago maganar ba, tana nan kwance a Attaura.

Ba na cewa mutanen jeji sun san da Golgota. Abin da suka sani shi ne an sare su, an kuma yi musu alkawari. Inuwa ba ta san jikin da ya jefa ta ba. Amma idan jikin ya iso, mai ido yana gane cewa siffar ɗaya ce, shi ya sa a 1529, lokacin da gardamar bangaskiya da aiki ta raba Turai, Lukas Kranak, mai zane kuma abokin Martin Luta, ya sa macijin tagulla a can baya cikin zanensa na Shari'a da Alheri, Almasihu a kan gicciye kuma a gaba.

Akwai abin da ya rage, kuma shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. A birnin Milan na Italiya, cikin majami'ar Ambros mai tsarki, akwai macijin tagulla a kan ginshiƙin dutse har yau. An kawo shi daga Kustantiniya wajen shekara ta 1000, mutanen gari kuma suka daɗe suna cewa shi ne na Musa, suna danganta shi da waraka, alhali Littafin da suke karantawa a wannan majami'a ya ce Hezekiya ya farfasa na Musa tun tuni. Zuciyar ɗan Adam ba ta gajiya da neman abin da za ta riƙe a hannu. Ba sai mun je Milan ba. Na ga kwalaben mai da na ruwa da ƙyallaye da ake sayarwa a bakin wuraren taron addu'a a garuruwanmu, na ga mata sun sayar da hatsin gida don su saya, na ga gicciyen wuya da aka mai da shi laya. Wasu daga cikin abubuwan nan da kyakkyawar niyya aka fara su, don tunatarwa. Na Musa ma da umarnin Allah aka fara shi, bai kuwa hana a farfasa shi ba ranar da aka soma ƙona masa turare.

Ina roƙon fastocinmu da dattawan ikilisiya da shugabannin zumuntar mata, kafin a sake sa wa wani abu farashi da sunan waraka, a buɗe Sarakuna na Biyu, sura 18, a karanta wa jama'a aya ta 4 da ta 5 a tare, da ƙarfi, yadda na bayan ɗaki ma zai ji.